Wandon Yaƙin Bama

Malamanmu na da, Allah Ya jiƙansu, ba su karɓar labari sai sun binciki wanda ya kawo shi, da wanda ya gaya wa wanda ya kawo shi, har salsala ta tuƙe ga wanda ya gani da idonsa. Kuma da yake ni mutum ne mai son bin tafarkin magabata ko a cikin abin da bai taka kara ya karya ba, sa'ad da sha'awar tsofaffin tufafin soja ta kama ni, a shekarun da ake samun sauran 'yan mazan jiya suna shan hantsi a ƙofar gidajensu, ban yarda na shiga kasuwa da jahilci ba, sai da na zauna na yi muɗala'a.

Asalin sha'awar kuwa, labari ne ya iske ni cewa samarin Ingila da Japan sun koma wa wandon kakanninsu, mai faɗin ƙafa, mai ƙugu can sama da cibiya, har kamfanoni na ɗinka sabo bisa fasalin tsoho suna sayarwa da ɗan karen tsada. Na ce a raina, in dai wandon yaƙi abin alfahari ne, ai mu ne ahalinsa, tun da mutanenmu suna da yawa cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda Ingila ta kwasa zuwa Indiya da Bama a 1943 da 1944, ga kuma barikin Chindit a Zariya da na Myohaung a Ikko suna ba da shaida har yau.

Abin da na tsinta shi ne, wandon fama na sojan Ingila, wanda aka fitar da fasalinsa a 1937, na ulu ne mai kauri, da babban aljihu a gaban cinyar hagu domin taswira, da wani ƙarami a dama kusa da ƙugu domin bandejin ɗaure rauni. Ba shi da zif, maɓallai ne tun daga gaba har inda ake maƙala igiyoyin da ke rataye shi a kafaɗa. A ciki akan sami hatimin hukuma, wato kan kibiya tsakanin haruffan W da D, da ɗan ƙyalle mai lambar girma da sunan maɗinka da shekara. Wandon da zif ɗinsa ke ɗauke da tambarin YKK kuwa, yi masa hukuncin ƙagagge ba sai ka nemi shaida na biyu ba, domin sunan nan bai samu ba sai 1946, bayan an tashi daga yaƙi. Amma hujjar da ba ta da ɗaukaka ƙara ita ce ta wuta: a tsinko zare guda a kusanta masa ashana, in auduga ce ta ci ta bar toka mai laushi, in ulu ne ya yi ƙaurin gashi, in kuwa zaren roba ne, wanda bai yaɗu a kasuwa ba sai bayan 1950, ya narke ya dunƙule.

Da wannan guzuri na doshi 'yan gwanjo ranar da ake fasa dila, na yi ta birkita kaya ina tambayar kibiya, har wani mai rumfa, wanda ya daɗe yana sauraron bayanina da ladabin ɗalibi, ya ce in ɗan zaga in dawo. Da na dawo sai ya jawo wani wando daga ƙarƙashin benci, ya rage murya ya ce, "Alhaji, wannan ba na kowa ba ne, Bama ya je." Aljihun taswira na nan, maɓallai na nan, ga kibiya baƙa ƙirin a cikin ƙugu da 1943 a gefenta, sai ka ce yau aka buga ta. Na nemi salsala. Ya ce daga wani dillali a Kwatano, daga wani Bature, daga kakan Baturen. Mutum uku kacal tsakanina da fagen fama! Na lura kuma bai rantse ba, na ɗauki wannan alamar tsantseni ce. Da na fito da ashana ya riƙe mini hannu, ya ce, "Haba Alhaji, a kasuwar tufafi?" Na ga maganarsa tana da maslaha, na biya abin da ya kusa kuɗin ragon suna.

Uwargida da ta gani ta juya shi gaba da baya, ta ce, "Malam, naka ne kai kaɗai, ko ku biyu za ku shiga?" Ban tanka ba, domin tarihi ba fanninta ba ne. Igiyoyin kafaɗa dai ba su zo da shi ba, don haka na zare zariyar wani tsohon wandona na ɗaure shi dab da hammata, na ɗora gajeriyar taguwa saboda kada babbar riga ta ɓoye wa jama'a abin da ya kamata su gani, na nufi ɗaurin auren ɗan maƙwabcinmu a tsakiyar bazara, na tafi tinƙis-tinƙis kamar buhun gero da aka ɗaure wa baki.

Kafin a fara raba goro gumi ya riga ya cika mini takalmi. Na haƙura, na matsa kusa da Baba Saje, dattijon unguwarmu wanda ya yi yaƙin Kaladan a Bama, na gaishe shi, na miƙa masa gwiwata na ce, "Baba, ko kun gane wannan?" Ya murza yadin tsakanin yatsunsa, ya dube ni da tausayi, ya ce, "Ɗana, wa ya ƙi ka haka? Mu a dajin Bama koren yadin auduga muka sa, da baƙin gizo-gizo a kafaɗa, shi ma ruwa da gumi ba su bari ya daɗe ba. Irin wannan ai na masu yaƙi cikin ƙanƙara ne."

Da yake shaidar mutum ɗaya ba ta rushe rubutacciyar hujja, sai na ɗaga taguwa na juyo bakin ƙugu domin in nuna hatimi. Babu kibiya, babu 1943. Wani yaro marar kunya ne ya gano su a jikin farar singiletina, sun yi ƙaura gaba ɗaya, D a gaba, W a baya. Na bayyana wa jama'a cewa tawadar zamanin yaƙi ba ta da inganci saboda ƙarancin kaya, na ga ba su gamsu ba, na ce to, a kawo ashana.

Na jawo zare daga ɗinkin cinya, ina cikin sharhin bambancin ƙaurin ulu da na auduga, ban kai ga tsinke shi ba, ƙanen ango, yaro mai gaggawar neman ilmi, ya ƙyasta. Zaren bai yi toka ba, bai yi ƙaurin gashi ba. Narkewa ya yi ya bi hanyarsa zuwa gida, ya buɗe rami a cinya, warin ƙonanniyar leda ya gauraye rumfa. Na yi tsalle, wani ya sheƙa mini ruwan buta, zariya ta ce ɗas. A daidai wannan lokaci liman ya ce a yi Fatiha, kowa ya ɗaga hannu, ni kuwa nawa biyun suna riƙe da ƙugu. Nan take na warware mas'alar, cewa suturta al'aura wajibi ne, ɗaga hannu kuwa mustahabbi, na yi tawa addu'ar a haka. Abin da ya sanyaya mini rai shi ne ƙa'idar wuta ta tabbata a gaban shaidu adilai, yadda littattafai suka faɗa, ba ragi ba ƙari.

Washegari na mayar wa mai rumfa kayansa. Ya zura yatsa cikin ramin, ya jinjina kai, ya ce kayan da aka ƙona ba a karɓarsu, amma in ina jin shawara, kada in bari tela ya taɓa wurin. "Alhaji, ai yanzu ya yi daraja. Duk wanda ya tambaya, ka ce harsashi ne."

Saboda haka, mai karatu, in kana da bukatar wando mai aljihun taswira, mai ɗaukar mutum biyu, yana nan rataye a zaurena, za a haɗa maka da singiletin da ke ɗauke da hatiminsa. Ramin da ke cinyar hagu ban ce na harsashi ne ba, ban kuma ce ba nasa ba ne. Farashi yadda na saya, kuma ba a shigowa da ashana.