Sukurun da Ya Tara Mini Jama'a a Kura

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke gangarowa ta kanal zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, rani da damina. Kowa ya san arzikin da ya kawo mana: shinkafa, alkama, albasa, da tumatirin da ake lodawa a Kwanar Gafan zuwa Kudu. Abin da jami'an gona ba sa lissafawa shi ne tsatsa. Motar da ke bin hanyoyin gefen kanal ƙarƙashinta ba ya bushewa. Laka ta shiga, zafin birki ya gasa ta, gobe wata ta hau kai.

Tawa Honda Accord ce ƙirar 2003. Da ta fara karkarwa duk sanda na taka birki, bakanike ya ce faifan birki ne ya cinye. Na shiga Kano na sayo sabbi a Ƙofar Ruwa, amma da ya faɗi kuɗin aiki sai na tuna na ga wani Bature a YouTube ya canza nasa kafin shayinsa ya huce, rigarsa fes. Na ce wa uwargida ta shirya, bayan azahar zan kai ta suna Bunkure cikin mota mai lafiyayyen birki.

Farkon aikin har da waƙa nake. Na ɗaga mota da jak, na kwance taya da sifana lamba 19, na cire kalifa na ɗaure ta da waya. Saura faifan kawai, sai ga wasu sukurori guda biyu a fuskarsa, kowanne kansa bai kai ƙwayar gyaɗa ba, sun lafe a cikin ƙarfen. Na sa sukudireba na murɗa. Shiru. Na danna da ƙirji na sake murɗawa, ta zame ta kwashe mini fatar yatsa. Na ci gaba da murɗawa har bakin sukurun ya shafe, ya koma ɗan rami sumul.

A yankinmu duk wanda ya taɓa kwance injin ban-ruwa injiniya ne, kuma ƙarar ƙarfe kiran majalisa ce. Kafin na gama tsotsar yatsa mutane sun kewaye ni.

Maƙwabcina ya ce, "Malam, kananzir za ka zuba." Aka zuba. Wani ɗan acaɓa da ya ajiye fasinja a rana don kallo ya ce kananzir na mata ne, man birki ke cin tsatsa. Shi ma aka zuba. Sai ga Kawu, carbi a hannu.

"Kai yaro, aiki a sayo Coca-Cola mai sanyi."

"Kawu, sai mai sanyi?"

"Ni za ka koya wa aiki?"

Aka kawo. Ya ɗiga wa sukurun abin da bai cika cokali ba, ya ce a ba shi lokaci ya jiƙa, ya koma inuwa da sauran.

Maƙwabcin ya dawo da guduma da kurfi. Dabarar gaskiya ce: a kafa kurfin a gefen kan sukurun a riƙa bugunsa ta hagu har ya juya. Sai dai ta fi kyau idan mai riƙo da mai bugu mutum ɗaya ne. Ni na riƙe, shi ya buga. Salatin da na yi, an ce har masu dashen shinkafa a bayan gari sun miƙe tsaye.

Nan wani ya kawo maganar wuta, kuma ita ma tana da hujja, don zafi na buɗa ƙarfe ya fasa tsatsar da ta haɗe shi. Aka aro abin babbakar kai da ƙafa wajen mahauci. A cikin injiniyoyin nan kaf babu wanda ya tuna da kananzir ɗin ɗazu. Wuta ta yi bal, majalisa ta watse, Kawu da ke kukan ciwon gwiwa tun bara ya riga kowa kaiwa masallaci, kwalbarsa a hannu. Yara suka sheƙa bokitin ruwan kanal, wato aka ƙara wa tsatsa guzuri.

Uwargida ta fito cikin leshi, ta dubi motar a kan ƙafa uku tana tururi, ta dubi girata da ta ragu.

"Maigida, sannu da aiki. In gaishe su?"

Ɗan acaɓan mai man birki ne ya tafi da ita. Shi kaɗai ya ci riba a taron.

Da la'asar wani yaron gareji ya zo wucewa, bai fi shekarun ɗan farina ba. Ya tsuguna ya duba, ya girgiza kai irin na manya.

"Oga, da wace sukudireba aka taɓa shi?"

Na nuna masa. Ya ce bakin sukurun Japan ya ɗan bambanta da na irin wannan, shi ya sa take zamewa ta ci kan. Ya zaro wata gajeriya mai kauri daga aljihu, irin wadda ake bugu da guduma: in an doki gindinta, tana danna sukurun ciki tana murɗa shi a lokaci guda. Ya kafa ta a kan na biyun, wanda ban kai gare shi ba, ya yi masa bugu ɗaya. Ya juyo salin-alin.

Na farkon kuwa, ya ce aikinmu ya gama da shi, sai walda. Babu wutar lantarki, don haka aka turo mai walda da janaretansa a baro. Ya ɗora noti a kan ramin ya cika tsakiyarsa, zafin ya ratsa tsatsar, yaron ya sa sifana ya warware shi da yatsa biyu. Faifan ma ya manne, amma ashe akwai wasu ramuka biyu a jikinsa da ake ɗaura noti a ciki su turo shi waje.

Na ce a nemo sabbin sukurori. Yaron ya yi dariya.

"Oga, ai ba abin da suke riƙewa. Kamfani ke sa su don kada faifan ya motsa lokacin haɗa mota. Notocin taya biyar ɗin nan su ke riƙe da komai."

Na ce ƙarya ne, Japanawa ba sa wasa da ƙarfe. Bai yi musu ba, ya zagaya ya kwance ɗaya tayar. Babu sukuru ko ɗaya a wurin, sai ramuka cike da busasshiyar laka. Wani mai hankali ya zubar da su tun kafin motar ta baro Kwatano, kuma da haka take kai ni Zariya ta dawo da ni.

Na sallami yaro, na sallami mai walda da mai baro, mahauci ya karɓi kuɗin gas. Ina kakkaɓe aljihu sai ga Kawu ya dawo. Ya tsinci sukurun mai noti a ka, ya jujjuya shi, ya ce zai yi wa injin ban-ruwansa, ya jefa a aljihu.

"Ka ga aikin Coca-Cola ko? Na ce muku sai ya jiƙa. Aiki a ƙaro ɗaya, wancan ɓangaren ma a ɗiga masa."