Ƙarfe Huɗun Jambiani

Gogan naku, wanda babban ruwan da ya taɓa gani a duniya shi ne dam ɗin Tiga, ya sauka Zanzibar da taƙama guda: wai Swahili ba zai gagare shi ba. Ya ji ana cewa "habari", ya ce ai labari ne. Ya ji "sabuni", ya ce sabulu. "Alhamisi" kuwa ko tambaya bai yi ba. Tunda harsunan biyu duk sun sha nonon Larabci, sai ya ɗauka gida ya zo.

Daga Stone Town ya shiga daladala, motar hayar da ake cusa mutum da buhu wuri ɗaya, suka ratsa dajin Jozani mai jajayen birai, suka sauka Jambiani a kudu maso gabashin tsibirin Unguja. Ƙauye ne miƙaƙƙe a bakin teku, shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Abin da ya fara ɓata masa rai shi ne kowa "kaka" yake ce masa, shi da ko furfura bai fara ba. Sai da aka kwana biyu ya gane "yaya", wato babban wa, suke nufi.

Wata yamma ya yi ciniki da wani masunci zai kai shi yawo a ngalawa, kwalekwalen da ake sassaƙawa da gungumen mangwaro, a ɗaura masa katako hagu da dama don kada ya kife. Masuncin ya ce, "Saa nne asubuhi." Sa'a dai sa'a ce, asubahi kuma kowa ya san ta. Ya duba waya, "nne" huɗu ce. Magana ta ƙare.

Ƙarfe huɗu saura kwata ya fito da tocila, ya isa bakin teku, ya tarar babu teku. Wallahi babu. Ga kwalekwalen can kwance a kan yashi kamar jakin da ya gaji, ruwan da jiya ke lasar katangar masauki ya yi tafiyarsa. A wannan gaɓar ruwa kan janye sau biyu a rana, wani lokacin fiye da kilomita guda, kuma kullum lokacin na ƙara jinkiri da kusan minti 50. Gogan naku bai san da wannan ba. Shi dai ya yanke cewa masuncin na can gaba yana jira, ya naɗe ƙafar wando, ya bi teku a baya.

Bai yi nisa ba wata igiya ta harɗe shi, ya faɗi rub da ciki a gonar mutane. Gona ce ta gaske: tun 1989 matan Jambiani ke noman ciyawar teku da suke kira mwani, suna ɗaura ta a igiyoyi tsakanin turaku, a shanya, a sayar wa masu man goge baki da kayan zaƙi a ƙasashen waje. Garin miƙewa ya taka wata baƙar halitta mai kamar bushiya. Ihun da ya yi, karnukan ƙauyen ne kawai suka amsa.

Da gari ya waye, uwar ɗakin masaukin ta tsinko ɗanyar gwanda, ta tsaga, ta shafa masa farin ruwanta a tafin ƙafa, tana "pole, kaka, pole", kafaɗunta na rawa saboda dariyar da take dannewa.

Ƙarfe goma daidai sai ga masuncin, teku ya cika fal a bayansa. A lissafin Swahili, rana na farawa da fitowar rana, saboda haka ƙarfe bakwai na safe shi ne "saa moja", sa'a ta farko. Huɗunsu goma ce. Mutumin bai makara ko da minti ɗaya ba, har yana tambayar me ya sami ƙafar.

Ranar komawa aka ce masa mota "saa saba". Wannan karon ya ƙirga da yatsu, bakwai da shida, ƙarfe ɗayan rana. Ya ɗingisa ya isa bakin titi kan lokaci, ya zauna a kan jakarsa. Motar ta iso bayan la'asar, sai da ta cika sannan ta taso.