Yadda Za Ka Aika Katin Barka da Sallah Ba Tare da Ka Taka Gidan Waya Ba

Kada kunya ta kama ka don ka ɗora wa wasu aikin. Mutumin da ya fara buga katin Kirsimeti na sayarwa, Henry Cole, a Landan cikin 1843, wasiƙun gaisuwa ne suka yi masa yawa, ya sa aka zana kati aka buga guda 1,000, abin da ya rage aka sayar a kan sule ɗaya. Kai ma bin sahunsa za ka yi.

A ce Goggo tana Birmingham, kai kana Zariya. Kamfanoni irin su Moonpig, wanda ya fara aiki a shekarar 2000, za su bar ka ka zaɓi kati a wayarka, su buga shi a takarda, su sa a ambulan, su biya kuɗin kan sarki, ma'aikacin gidan waya ya zura mata ta ramin ƙofa.

Hoto tukuna. Ajiye na sabuwar motarka. Goggo jikoki take son gani, da lalle a hannu da wawulo a baki.

Sai rubutu, kuma a nan nake so ka zauna sosai. Wannan doguwar addu'ar mai furanni da ta zaga WhatsApp sau bakwai kafin ta iso gare ka, bar ta a inda take. Rubuta abin da kai kaɗai za ka iya faɗa mata: gwandar da ta shuka a tsakar gida ta fara 'ya'ya, kuma har yau ba a sami mai miyar taushe irin tata ba. Layi uku sun isa. Kafin ka biya, buɗe samfurin ka duba haruffanmu masu lanƙwasa, don ba kowane salon rubutu ne ya san ƙ da ɗ ba. In ka sauya su da k da d don gudun matsala, sake karantawa a hankali: ka yi niyyar gaishe da baƙinta, kada ka ɓuge da gaishe da bakinta.

Adireshi kuwa, "bayan masallaci, daura da mai shayi" ba ya kai saƙo a Ingila. Nemi lambar gida da lambar unguwa, wadda ta Birmingham ke farawa da B. Ƙanwarta za ka tambaya a ɓoye, don kada zancen ya fasu.

Kada ka jira sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi. Azumi na kai ashirin, tura katin. Gara ya isa tana tsakiyar tahajjud da ya iske ta ta fara Sitta Shawwal.

In katin bankinka ya ƙi biyan fam, roƙi ɗan'uwa da ke can ya biya, ka mayar masa da naira a ranar. Daga nan sai ka sa waya a caji, domin Goggo za ta kira, kuma sai ta karanta maka katin daga farko har ƙarshe.