Matsi Ne, Alhaji

Ku gama dariyar tukuna, ba sauri nake ba. Eh, haka abin yake: a manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa, irin waɗanda ke tashi daga Miyami ta Amurka ko daga gaɓar Ingila, akwai ma'aikatan da ake biya albashi don su tara fasinjoji a zaure guda su san juna. Kullum ana raba takardar shirin yini ɗaki-ɗaki. Ƙarfe kaza, duk wanda ya taho shi kaɗai ya hallara wuri kaza. Ƙarfe kaza, kyaftin zai fito ya gaisa da jama'a. Wani taron ma sai an manna wa mutum sunansa a ƙirji, don kada maƙwabcinsa ya sha wahalar tambaya.

Na san abin da ke bakin Alhaji na Birnin Ƙonni: "Mu da ko kogin kirki ba mu da shi? Daga Majiya in damina ta yi albarka, sai madatsar Mozage da ta Zango. Jirgin nan ta ina zai biyo, ta Tsarnawa?" Ba zai biyo ba, Alhaji, kwantar da hankalinka. Ga kuma Malam na Malbaza ya karɓe: "Mutum da bakinsa, a ce sai an haɗa shi da wani? Mu kafin mota ta bar tasha mun san garin kowa, da abin da zai kai shi, da wanda ya rasu a gidansu bara."

Ban musa ba. Amma bari mu duba inda wannan kirkin naku ya samo asali.

Jirgin da ake kira Icon of the Seas, wanda ya fara ɗaukar fasinja a watan Janairun 2024, tsawonsa mita 365, kuma in ya cika yana ɗaukar mutum 7,600, ban da ma'aikata sama da 2,000. Ƙauyuka da yawa a Adar ba su tara wannan jama'a ba. Kowa da ɗakinsa da makullinsa, wuraren cin abinci kuwa sai wanda ka zaɓa. Mutum na iya yin mako guda a ciki bai haɗa ido sau biyu da fuska ɗaya ba. Yanzu ku dawo motar kasuwa da ke tashi daga Ƙonni ta nufi Badagishiri. Kujerar mutum uku an zuba huɗu, gwiwar wani a haƙarƙarinka, jaririn wata a cinyarka, akuya na leƙowa daga baya. A wannan hali in ba ka yi wa maƙwabcinka sallama ba, me za ka yi masa? Zumuncin nan da kuke tinƙaho da shi, rabinsa tarbiyya ce, na yarda. Ɗaya rabin matsi ne, Alhaji.

Kuma kada ku ce ba ku da shirin yini. Kuna da shi, ba a dai buga shi a takarda ba. Taron farko shi ne sallar asuba a bakin hanya, ga wanda ya baro Yamai da duhu. Buta ɗaya ta zaga hannu biyar, sai a waiga a nemi mai furfura ko mai rawani a tura shi gaba, ya ɗan yi ja-in-ja na kunya, ya ja salla. Daga nan har a sauka sunansa Liman, ko da dillalin shanu ne. Taro na biyu jandarmomi ke kiransa a shinge: kowa ya miƙa katinsa, wanda ya manto nasa a aljihun wata riga ya zama sananne nan take, mota duka ta shiga ba shi shawara. Na uku sai taya ta fashe, a baje ƙarƙashin bagaruwa, mai ƙilishi ya kwance takarda ba don ya so ba. A Galmi kuwa masu albasa ne ke buɗe zaman, don ba a taɓa cinikin buhu ba tare da fasinja uku sun sa baki ba.

Abu ɗaya kam kun fi mutanen jirgi, ba zan hana ku ba: wasan taubasai. Bagobiri ya ji harshen Bazabarme a kujerar baya, ko Bafillace ya gane Ba'are ne kusa da shi, shi ke nan, zagi ya fara kafin a tambayi suna, kuma a kan zagin za a raba goro. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin gadon ɗan Adam. Babu kamfanin jirgin da ya iya ƙirƙiro irinta, duk da kuɗinsa.

To amma a gwada ku mana. A ɗauko wannan Baƙonnen mai baki, a sa shi a babbar kar mai sanyi, irin na Rimbo ko Sonef, kujera mai lamba, babu gwiwar kowa a jikinsa, a ba shi waya da caji. Kilomita wajen 420 ne daga Yamai zuwa Ƙonni. Zai wuce Dosso, ya wuce Dogon Dutsi, igiya a kunne, yana ta dariya da wani ɗan'uwansa da ke Abijan, wanda ke kusa da shi kuwa ko sunansa bai ji ba. Da zarar an ba ku fili da ƙofa, sai ku koma Turawan da kuke yi wa dariya. Kada Alhaji ya harare ni, ɗansa nake nufi.

Batun a naɗa wa wani aikin haɗa baƙi kuwa, kakanninku sun riga masu jirgi. A da, ayarin fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro yana da madugu da jagaba, kuma tafiya ce ta watanni. In an sauka zango a Salaga, akwai maigidan da ke karɓar baƙo, ya ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an yi bashi. Ba kyauta yake yi ba, la'adarsa na fita. Unguwannin zango na Kumasi da Ankara a kan wannan tsari suka kafu. Ashe biyan kuɗi don a sada ka da mutane ba a teku aka fara shi ba.

Sannan hirar motar taku ba kowa take ɗauka ba. Hajiyar da ta taso ita kaɗai daga Illela za ta asibiti a Galmi, in ba wata mace a motar, bakinta a rufe har a isa. Haka saurayin da zai tafi cin rani karon farko, tsoro cike da ciki, da Buzun da Hausarsa ba ta nuna ba. Irin waɗannan ne masu jirgi suka yi wa tanadi. A 2010 jirgin Norwegian Epic ya fito da ƙananan ɗakuna na mutum ɗaya, da zaure nasu na kansu inda suke haɗuwa da yamma su shirya cin abinci tare. Kamfanin Cunard ma ya daɗe yana ɗaukar maza masu ladabi don su yi rawa da matan da suka taho ba abokin tafiya. A'uzubillahin Malam ta iso ni tun daga Malbaza. Wannan kam ban kawo muku ba, labari kawai na bayar.

Abin da na kawo ƙarami ne. In mota ta bar Tsarnawa ta ɗauki hanyar Tawa, yaron mota ya ajiye ƙirgar kuɗi minti biyu, ya ce kowa ya faɗi sunansa da inda za shi. Ba ƙirjin da za a manna wa takarda. Ko ba komai, baƙon da ya ce "Illela" a tasha, alhali ta jihar Sakkwato yake nufi, wadda ke nan bayan iyaka kusa da Ƙonni, zai gane kansa tun kafin a kai shi fadar Sarkin Adar.