Itacen da ya faɗi a layinku, na wa ne?

Kowace shekara labarin ɗaya ne. Mayu ya kama, hadari ya haɗo daga gabas, iska ta riga ruwa isowa. Gari ya waye darbejiya ta kwanta a tsakiyar layi, kwanon wani a Hayin Dogo ya yi ƙaura zuwa katangar maƙwabci. Sai a fito a yi cirko-cirko, kowa ya riƙe ƙugu: ina ƙaramar hukuma?

Da na ce wannan jiran gawon shanu ne, na san mutanen Samaru ba za su ƙyale ni ba. Ku da kuke maƙwabtaka da Jami'ar Ahmadu Bello, mai shayinku ma lauya ne. Za ku ce Kundin Tsarin Mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da tituna da magudanan ruwa da kwashe shara. Haka ne. Za ku ƙara da hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Shi ma na ji.

To amma tsakani da Allah, layin nan naku titi ne? Gonar wani ce aka yanka awon igiya, mai fili ya bar 'yar hanya iya wucewar Keke Napep, kowannenku kuma ya ci kamu biyu ya yi dakali. Ranar haƙa harsashi ba wanda ya tuna da hukumar tsara birane ta KASUPDA. Yau itace ya faɗi, duk an zama 'yan ƙasa nagari, ana jiran tifa daga sakatariya a Dogarawa. Ta ina za ta shigo, ta kan dakalin?

Mutanen Sabon Gari, ku rage dariyar. Wa yake tura yaro da kwandon shara da an fara yayyafi, wai ruwa zai tafi da ita? Yana tafiya da ita kuwa, har ƙofar gidan wani a Muciya.

Hujja ɗaya na ba ku: mai karɓar harajin shago bai taɓa ɓata a lungunku ba. Inda tifa ta kasa shiga, rasit yana shiga.

Bara mangwaro ya faɗi a layinmu. Muna cikin shawarar wanda zai rubuta takardar koke, masu faskare suka iso da gatura, mai ƙosai ta yi cinikin rassa, 'yan bola jari suka yi gaba da kwanon, har da wanda mai shi yake nema. Kafin la'asar layi ya buɗe. Leda da taɓo ne kawai suka rage a kwata, da yake su ba su da mai saye, kuma har yau suna nan. Takardar kuwa tana hannun wani malamin jami'a, yana gyara Turancinta.