Masu Gyaran Silo Iri-Iri

Idan aka faɗaɗa maƙogwaron totur na mota, aka goge cikinsa don iska ta riƙa shiga inji a yalwace, abin da ke fara rikicewa shi ne silo. Iska na sulalewa ta gefen murfin fiye da yadda kwamfutar motar ta saba, sai allurar da ya kamata ta zauna wajen 700 zuwa 800 ta haura 1,000, ko ta yi ta hawa da sauka. A nan ne halin kowa a gareji ke fitowa fili.

Akwai Baba mai sukundireba. A kan Peugeot 504 ya koyi aiki, kuma a wurinsa kowane inji kafireta ne da ya sake riga. Zai yi ta zagaya totur mai lantarki yana neman kusar silo. In bai gani ba, ya ce Turawa ne suka ɓoye ta. In kuwa ya ga wata kusa da kamfani ya ɗiga wa fenti don kada a taɓa, ita zai fara murɗawa.

Sai mai cire batir. Ko taya ce ta yi faci, shawararsa ɗaya: a cire kan batir, a je a yi sallah a dawo. Wani lokaci yakan dace, domin kwamfuta kan manta tsohon karatunta. Amma kafin ta ɗauki sabo, ya kunna esi da fitilu ya fita gwaji.

Mai kunne kuwa ba ya taɓa komai sai ya karkata kai ya lumshe ido. "Alhaji, fulogi ne." A sa sababbi. "To, nozul ne." Yaronsa ya san kowane lungu na kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa. Kunnen nan mai jin ciwon fistan ta cikin ƙarfe bai taɓa jin fiton da iska ke yi ta tsagaggen gasket ba.

Ga kuma mai na'ura. Ya jona ta, ya karanto P0507 da murya irin ta likita, lambar da ke nufin silo ya yi sama, abin da har mai shayin bakin gareji ya sani. Ya goge lambar, fitilar gargaɗi ta mutu, ya karɓi kuɗi. Gobe ta dawo, shi ma ya dawo.

Shi mai motar, ƙarfi ya zo saya. Duk minti biyu sai ya miƙa ƙafa ya taka totur don a ji ƙara, a koma farko.

Can a gefe akwai wani marar surutu. Ya duba gasket da robobin iska, ya wanke maƙogwaron. In Honda ce, ya riƙe ta a 3,000 har fankar lagireto ta tashi, ya kashe duk kayan wuta, ya bar ta a silo minti 5 ba mai taɓawa. Allura ta sauko ta zauna. Sai mai mota ya ce, "To Malam, me ka yi da zan biya? Tsayuwa kawai na ga ka yi." Shi ya sa yanzu, in lokacin jiran ya zo, yakan cusa kai ƙarƙashin bonet ya yi ta ƙwanƙwasa sifana a jikin ƙarfe har mintunan su cika.