Agogon Madarunfa Ya Tsaya

Masunta a bakin tafkin Madarunfa sun daɗe ba sa neman agogo: da tashar FM ta Maraɗi ta jona BBC Hausa, an san lokaci ya yi. A Disambar 2024 gwamnatin Nijar ta dakatar da BBC na wata uku, RFI kuwa tun Agustan 2023 aka rufe mata baki. A Maris 2025 Muryar Amurka ma ta yi shiru, wannan karon da hannun Trump.

Gurbi dai ba ya zama fanko. Mai tsara shirye-shirye ya jawo waƙa, ya ƙara sanarwar biki da tallan maganin basir. Tsoho ya murɗa akwati neman labarin duniya, sai ya ji ana gayyatarsa ɗaurin aure a Jirataua.